Kiwo a Gida: Idan Zomo Ya Fara Zubar da Gashi

Yau a kan zomayen nan ne da yara ke nacin a saya musu, bayan sati biyu kuma hidimar ta dawo kanki.

Wata rana za ki shiga share keji ki tarar da gashi ko'ina. Kada hankalinki ya tashi. Zomo yana canza gashi sau da yawa a shekara, wani lokaci kaɗan, wani lokaci kuma har ki ga kamar ana figarsa. Inda matsalar take shi ne zomo dabba ce mai tsabta, kullum cikin lasar jikinsa yake, yana haɗiye gashin. Mage ma haka take yi, amma ita tana amayar da shi. Zomo kuwa Allah bai halicce shi da iya amai ba, duk abin da ya haɗiye sai ya bi hanji ya fita ta ƙasa.

Abin da ke tura gashin nan waje shi ne ciyawa da ruwa. Hanjin zomo yana buƙatar abinci mai kaushi don ya riƙa motsi, shi ya sa likitocin dabbobi suka ce kashi 80 cikin 100 na abincinsa ya zama ciyawa. Mu kuwa me muke ba shi? Dusa, ragowar tuwo, guntun biredi da yara suka rage. Zai ci da marmari, amma hanjinsa zai yi sanyi, gashi da abinci su cure su bushe a ciki. Ki tanadi busasshiyar ciyawa wadda ba ta yi funfuna ba, ki haɗa da harawar gyaɗa ko ta wake, da ɗan ganyen dankali. Ruwa kuma kada ya yanke a kasko, musamman da bazara.

Kafin ki zubar da shara, ki duba kashinsa. Na san ba abin sha'awa ba ne, amma nan labarin yake. In kin ga ƙwayoyin a sarƙe da zaren gashi kamar carbi, gashi yana fita, sai dai ya yi yawa. Ki ƙara ciyawa da taza. In suka ƙanƙance, ko suka ɗauke gaba ɗaya, zomon ya takure a lungu ya ƙi abinci har awa 12, a kai shi asibitin dabbobi ranar, domin hakan na kashe zomo cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a yi masa ɗuren man gyaɗa. Abarba da gwanda da ake cewa suna narkar da gashi, ba sa narkarwa.

Tazar ba ta da wuya. Ki jiƙa tafin hannunki kaɗan ki shafa bayansa daga wuya zuwa wutsiya, gashin da ya saki zai manne a hannunki, ko ki sa buroshi mai laushi. Kullum a lokacin zubar, sau ɗaya a sati in ta wuce. Wannan aiki ne da 'yar shekara 10 za ta iya, a zaune a ƙasa. Ban da wanka, sanyi da firgici na iya hallaka shi. Ban da reza ko almakashi a kan gashin da ya dunƙule, fatarsa sirara ce ƙwarai.

Zomanya mai ciki kuwa, da kanta take tsige gashin ƙirjinta da cikinta ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa idan kwanakinta 31 sun kusa cika, ki bar mata shi. Amma in kin ga fata ta yi sanƙo tana ɓawo, a kunne ko hanci ko ƙafa, yana ta susa, wannan ƙazwa ce. Ki ware shi daga sauran, yara su wanke hannu bayan sun taɓa shi, a nemo likita.