Ƙaramin Ɗan Dambe: Gwaninta Ko Jure Naushi?



Uwargida, idan kina da samari a gida kin san wannan gardamar. Maigida ya ce tun bayan Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ba a sake ɗan dambe ba. Yara kuma su miƙo waya su ce a kalli na yau. Daga nan Illela har tsallaken iyaka a Birnin Ƙonni, babu wanda ake yi wa sowa kamar ƙaramin da ya tari ƙato. Kada ki ce hirar maza ce, domin ɗanki mai ƙaramin jiki yana saurare, kuma a nan yake koyon abin da ake kira jarumta.

A dambenmu na gargajiya ba a san sikeli ba. A naɗe hannu da zare, a shiga turmi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. A damben Turawa kuwa akwai aji bisa nauyi, kuma ma'aunin ya sha canzawa. Rocky Marciano na Amurka ya riƙe kambun masu nauyi daga 1952 zuwa 1956, ya yi wasa 49 ba a doke shi ba, alhali nauyinsa wajen kilo 85 ne kawai. A yau sai mutum ya haura kilo 90 ake sa shi a wannan aji. Kin ga ke nan haɗa na da da na yanzu sai an yi hattara. Abin da za a iya aunawa a kowane zamani guda biyu ne: gwaninta da juriya.

Ɗauki Sam Langford, haifaffen Kanada, wanda tsawonsa bai wuce mita 1.71 ba. A 1906 ya kara da Jack Johnson, wanda ya fi shi da kusan kilo 13. Ya sha ƙasa, ya tashi, ya kai ƙarshen turmi 15 kafin a ba Johnson nasara. Da Johnson ya zama zakaran duniya a 1908, bai sake ba shi dama ba. Har gobe masana na sa Langford cikin gwanayen da aka taɓa yi. Amma ya samu rauni a ido a 1917, ya ci gaba da dambe har 1926. A 1944 wani ɗan jarida ya gano shi a unguwar Harlem ta birnin New York, makaho, ba shi da ko sisi. Ya rasu a 1956. 'Yan kallon da suka yi masa tafi ba su raka shi wannan ɗakin ba.

Sai na zamaninmu, Oleksandr Usyk na Yukiren, wanda ya hauro daga ajin da ke ƙasa. Ya doke Anthony Joshua, wanda asalinsa ɗan Nijeriya ne, a 2021 da 2022. A watan Mayun 2024 a Riyadh ya doke Tyson Fury, wanda ya fi shi da kusan kilo 17. Ki sa yara su nuna miki wasan, ki lura da ƙafafunsa. Ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana gocewa yana kai nasa. Dabara ta fi ƙarfi.

To, a nan maganar take. Ƙaramin da ya cancanci yabo shi ne wanda bai bari an same shi ba. Jure naushi bashi ne, kai da ido ke biya in girma ya zo. Masu damben Turawa ma sun rage turmin gasar kambu daga 15 zuwa 12 bayan mutuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a 1982.

Yaron da ake tsokana da ƙanƙanta shi ya fi son nuna ba ya jin duka. Ki yaba masa wayo da kaucewa, kada ki yaba masa taurin kai. Idan ya nace sai ya yi dambe, ya yi da sa'o'insa a jiki, a gaban manya. Idan ya dawo da ciwon kai, amai, jiri, yawan barci ko mantuwa bayan an naushe shi, a tafi asibiti a ranar, kuma kada ya koma fage sai likita ya yarda. Laya ba ta tare naushi.

Ke yaya kike yi da naki? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Allah Ya raya mana zuri'a.