Kada A Cinye Irin Shuka

'Yan'uwa, kowane manomi a Kadawa ya san ba a cin iri, kome tsananin yunwa. Kuɗin fansho ma iri ne.

Dokar fansho ta Jihar Kano ta 2006 ta ce a yanki kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 17, a zuba a asusun fansho. Ma'aikaci ba ya fashi, gama ana yanke nasa tun albashi bai shiga hannunsa ba. Duk da haka, a 2023 sabuwar gwamnati ta ce ta gaji bashin garatuti na kusan naira biliyan 48. Ta fara biya, mun kuwa yaba.

Amma biyan tsohon bashi ba ya hana sabo taruwa. Malaman firamare da ma'aikatan asibiti na Garun Mallam, Kura da Bunkure su ne tsofaffin gobe. Sa'ad da 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, mu tambaye su: za ku zuba kason gwamnati kowane wata? Za ku riƙa bayyana lissafin asusun a fili?

Allah ya ba shugabanninmu riƙon amana.