Gafakar Kaka Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Wata sana'a ta shigo wa samari: bin ƙauyuka ana sayen tsofaffin kaya. Takobi, tasar tagulla, tandu, sirdi. A saya da arha, a kai wa dillali, shi kuma ya miƙa wa Bature. Ciniki halal ne, babu mai ja. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana tarar ayari kafin ya iso kasuwa, don kada a cuci wanda bai san farashi ba. To ina ga tsohuwar da aka ba kuɗin goro aka raba ta da gadon mijinta?

Mafi muni littattafai. Alƙur'ani rubutun hannu, Risala, Ishiriniya, waɗanda wani malami ya ƙarar da idonsa a kansu gaban aci-balbal. A 1903 sai da Nasara ya zo da bindiga kafin ya shiga Kano da Sakkwato. Yau jika ke kai masa gafakar da hannunsa, har yana murnar riba! Hatta dokar Najeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi babu izini.

Ɗan uwan da ya gaji littafin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa malamin da zai karantar da shi, ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda ake adana irinsu.