Ba Kowa Ake Tsigewa Ba

Mu marubuta mun mayar da kalmar "tsigewa" gishirin kowace miya: kwamishina, sanata, duk a tsige. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ce haka ba. Sashe na 143 na shugaban ƙasa ne da mataimakinsa, na 188 na gwamna da mataimakinsa. Kwamishina kuwa, gwamna ke sallamarsa.

Mu dawo gida. Lokacin da Adamu Aliero ke gwamnan Kebbi, 1999 zuwa 2007, majalisar jiha ce ke da ikon tsige shi. A kujerar sanata sai kiranye, sashe na 69: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama. In muka rubuta "a tsige sanata", mun ɓoye wa manomin albasa na Aliero cewa wuƙar na hannunsa.