Kada Mu Cika Jarkar Mai Har Baki

Ƴan'uwa manoma, akwai wata ɗabi'a da muka saba da ita a kasuwa. In mun sayi gero, muna so a cika mana tiya har ta yi tozo. In mun sayi nono, muna neman gyara. Wannan ba laifi ba ne. Amma mun ɗauki ɗabi'ar mun kai ta wurin sayen isansi, wato man fetur, kuma can ba wurinta ba ne. Mai saye yakan tsaya kan mai sayarwa yana cewa, "Ƙara, ƙara, ba ta cika ba," har sai mai ya taɓo murfi. A ganinmu wannan kuskure ne, kuma yana iya cin dukiya, yana iya cin rai.

Dalili shi ne, duk abu mai ruwa-ruwa yana kumbura in ya ji zafi, yana tsukewa in ya ji sanyi. Ruwa yana yin haka. Man gyaɗa yana yi, kananzir yana yi, maganin feshi yana yi. Nauyin abin ba ya ƙaruwa, wurin da yake ci ne yake ƙaruwa. Ku dubi mutane goma a ɗaki lokacin ɗari: kowa ya takure, tabarma biyu ta ishe su. Bazara na zuwa, kowa ya baje, ɗakin ya yi musu kaɗan, alhali su goma ɗin ne ba a ƙara kowa ba. Haka ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama mai suke yi. Zafi yana sa su motsi, su nisanci juna.

Mun gwada wannan a wani aji da muka kai wa ziyara a yankin Illela, domin gani ya kori ji. Muka cika kwalba da ruwan zoɓo har baki. Muka huda murfinta, muka soka bututun biro, muka liƙe gefensa da kyau. Muka ajiye ta a rana. Ba a daɗe ba jan ruwa ya fara hawa cikin bututun. Da muka tsoma kwalbar cikin ruwan randa, sai ya koma ƙasa sannu a hankali. Wani dattijo ya ce a sake, yana zaton dabara ce muka yi. Aka sake, shi da hannunsa. Kowa yana iya gwadawa a gida.

To, isansi ya fi ruwa kumbura nesa ba kusa ba. Masana sun auna: duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, lita 1000 na isansi suna ƙaruwa da kusan lita ɗaya. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. Bari mu yi lissafi da ƙasarmu. A Birnin Ƙonni da Malbaza, cikin watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle abin da aka bari a fili. A ce an zuba mai da asuba yana kan digiri 25, da azahar ya kai 45. Bambanci digiri 20 ke nan. Jarka mai lita 25 za ta sami ƙarin kusan rabin lita. Ganga mai lita 200 kuwa, kusan lita huɗu. Ina wannan ƙarin zai shiga in ba a bar masa wuri ba? Ita ma jarkar roba tana ɗan buɗewa da zafi, amma ba ta kamo mai. Gangar ƙarfe da kwalba kuwa, kusan ba su motsawa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko muni. Isansi yana fitar da tururi ko ba a ɗora shi a wuta ba, kuma zafi yana ƙara wannan tururi ƙwarai. Shi ne yake sa ka ga jarka ta yi ciki kamar tulu. Ka buɗe ta da gaggawa, mai ya feso maka a fuska da riga. Tururin nan ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, yana bin ƙasa ne yana rarrafe har ya iske murhu, ko fitila, ko guntun taba da aka yar. Daga nan wuta ta biyo shi da gudu zuwa inda ya fito.

Wannan magana ta shafe mu fiye da mutanen wasu wurare. Ƙonni garin iyaka ne, kuma kowa ya san yadda ake jera kwalaben mai a bakin hanya. Daga Tsarnawa zuwa Galmi, noman albasa na rani ya dogara kan injin ban ruwa, injin kuma ba ya tashi sai da mai. Ga ƴan kabu-kabu, ga masu injin niƙa. Da wuya ka shiga ƙauye ka rasa gidan da aka ajiye mai. Mun taɓa ganin wani mai lambu da ya ɗaura cikakkiyar jarka bayan babur tun safe, ya tsaya kasuwa, ya bar babur a rana. Kafin ya dawo mai ya tsattsafo ta murfi, ya jiƙa buhun da ke ƙasa, yana ɗiga kusa da mai tuyar ƙosai. Allah ya tsare, wata mata ta ji wari ta yi magana. Abin da ya fara faɗa shi ne wai an sayar masa da jarka mai huda. Jarka lafiyarta lau.

Mun san abin da mai saye zai ce: "In ban ga ta cika ba, yaya zan san ba a cuce ni ba?" Tambaya ce mai kyau, kuɗi ba a tsintarsu. Amsa ita ce a auna da lita, a ƙirga. Masu ƙera jarka da gangan suke barin sarari sama da awon da aka rubuta a jikinta. In lita 25 suka shiga, haƙƙinka ya cika ko da ka ga wuya babu komai. Ku dubi tukunyar gas ta dafa abinci. Abin da ke cikinta ruwa-ruwa ne, ka girgiza za ka ji. Ba a taɓa cika ta, ana barin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 babu komai, don kada zafi ya fasa ta. Ba wanda ya ce kamfani ya yi masa ƙwange.

Wasu kuma suna cewa a sayi mai da sassafe, ya fi auki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, in man ya wuni a rana ne kafin a auna. Amma a lita ɗaya bambancin bai wuce cokali ɗaya da ɗan kai ba. A gidan mai kuwa, inda tanki yake binne a ƙasa, da wuya a ga bambanci. Wannan bai kai a yi faɗa a kansa ba.

Wannan hali na kumbura yana da amfaninsa. Shi ne sirrin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi da likita yake sa wa yaro a hammata. A cikinsa akwai zaiba. Zafin jiki yana sa ta kumbura, ta hau siririn bututu, kamar ruwan zoɓonmu. Jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. In ya kai 38, zazzaɓi ne, a nufi gidan likita. Sai dai zaiba guba ce. Shi ya sa a 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata don a bar yin irin wannan ma'auni, aka koma ga mai batir. Wanda yake da na gilashi a gida, in ya fashe kada yara su yi wasa da ƙwayoyin nan masu ƙyalli.

Ruwa kuwa yana da wani hali na daban. Yana tsukewa da sanyi, amma in ya daskare sai ya kumbura: lita 11 na ruwa suna zama wajen lita 12 na ƙanƙara. Mata masu sayar da zoɓo da lemu sun san haka, cikakkiyar kwalba a firiza takan tsage.

Abin da muke roƙo ba ya cin ko dala. A bar sararin yatsu huɗu a wuyan jarka. A ajiye ta a inuwa, wurin da iska ke shiga, nesa da madafa da ɗakin kwana da rumbu. In ta yi ciki, a kai ta inuwa ta huce, sannan a sassauta murfi kaɗan-kaɗan, fuska na gefe. A kashe injin ban ruwa, a bar shi ya huce kafin a zuba masa mai, kuma kada a cika tankinsa har baki. Maganin feshi ma haka: a bar shi cikin mazubinsa na asali, a inuwa, inda yara ba su kaiwa. In tsautsayi ya faru wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko ƙwai. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi gidan likita mafi kusa.