Launi Ba Karatun Hadda Ba Ne

A yawancin makarantun naziri da firamare, darasin launi waƙa ce: malama ta ce ja, rawaya da shuɗi su ne launukan asali, yara su amsa da ƙarfi, ta ce ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, rawaya da shuɗi kore, ja da shuɗi shunayya, su sake amsawa. A tashi darasi babu yaron da ya taɓa fenti. Iyaye kuwa, da mu da muke biyan kuɗin makaranta masu tsoka, mu ji yaro yana rera sunayen da Turanci mu ce ilimi ya zauna.

Wannan cuta ce, domin launi na cikin darussan farko da yaro ɗan shekara 4 zai iya gwada gaskiyarsu da hannunsa. In ya zuba rawaya cikin shuɗi ya ga kore ta ɓullo, ya koyi cewa ana iya jarraba magana kafin a yarda da ita. Wanda aka hana shi gwaji an koya masa akasin haka.

Abin da ake haddacewar ma bai cika ba. Yaron da ya haɗa ja da shuɗi sau da yawa launi mai duhu kamar laka yake samu, don jan fentin kasuwa yakan karkata wajen rawaya. Shi ya sa injin buga takardu yake aiki da siyan, majenta da rawaya, a ƙara da baƙi. Fuskar wayar da ke hannunka kuma da haske take aiki: ja, kore da shuɗi, inda ja da kore ke haifar da rawaya. Malamar da ba ta taɓa gwadawa ba, idan yaro ya kawo mata laka maimakon shunayya, cewa za ta yi ya yi kuskure, alhali shi ne ya ga gaskiya.

Masu makarantu za su ce fenti na da tsada. Hujjar ba ta da ƙafa. Zoɓo yana ba da ja, gangamau rawaya, bular wanki shuɗi. A ɗiga ruwan kanwa a gangamau, ya koma ja a gaban idon yara. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun san yadin da aka tsamo daga baba da kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya zama shuɗi. Ilimin yana bakin ƙofarmu.

Ranar da za ka je karɓar sakamakon ɗanka, tambayi malamarsa sau nawa ya haɗa launi da hannunsa a wannan zangon. In rigarsa ba ta taɓa dawowa da tabon fenti ba, ka nemi ba'asi.