Motar da ta yi wata goma a fili ba "sabon shigowa" ba ce

1/ Akwai wata Honda baƙa, irin wadda ake ce wa Anaconda, a wani filin sayar da motoci da nake wucewa kullum idan na fito daga Kamazou zan tafi makaranta. Ina aji biyu na fara ganinta. Yanzu ina aji uku, tana nan inda take. Jiya na ci karo da hotonta a Facebook an rubuta "sabon shigowa". To yau sai mun yi magana a kan kwantai. 🧵

2/ Kafin dillalai su cika min akwatin saƙo: eh, ɗalibi ne ni, ko keke ban mallaka ba. Amma kawuna ya zuba kuɗin sallamarsa na aikin gwamnati a motar kwantai, kuma ni na raka shi Panteka har sau huɗu neman kayan gyara. Da wannan bakin nake magana.

3/ Kwantai ba laifi ba ne. Duk mai kasuwa yana yi. Mai tumatir a kasuwar Sabo in yamma ta yi yana karya farashi, mai burodi ma ya san na jiya ba ɗaya yake da na yau ba. Kowa ya yarda kaya in ya kwana darajarsa ta ragu. Ban da masu motoci. Su a wajensu mota tana kwana, kuɗinta yana hawa.

4/ Mutane suna ɗauka mota ƙarfe ce, ai ba ta ruɓewa. Tambayi bakanike. Motar da aka ajiye ba a tuƙawa tana lalacewa a tsaye. Batir ne ke fara mutuwa, shi ya sa in ka je duba mota za ka ga yaro ya rugo da wani batir a kafaɗa, oga yana cewa "ai ba a tayar da ita jiya ba ne kawai".

5/ Taya in ta daɗe a wuri ɗaya gefen da ke ƙasa yana baje, rana kuma tana tsattsaga ta. Man da ya rage a tanki yana tsufa ya yi danƙo, ya toshe famfon mai. Man birki yana shan danshi. Faifan birki yana tsatsa. Robobin da ke riƙe baƙin mai suna bushewa, ranar da ka hau babban titi su fara yoyo.

6/ Ƙara da yanayin Kaduna. Damina tun daga Mayu har Oktoba tana zuba a kanta, ruwa ya sami kafa ya shiga ƙarƙashin kafet. Hunturu ya zo da ƙura. Zafin Maris ya fasa dashbod. Ɓeraye kuma su tare a cikin injin suna cin wayoyi. Duk wannan ba ya fitowa a hoton da aka ɗauka bayan an wanke ta an shafa wa tayoyi mai sheƙi.

7/ Labarin kawuna a taƙaice. Camry ce, aka ce masa "Baba, sati biyu ke nan da sauke ta daga Legas." Ya biya. Kwana tara batir ya mutu. Sati uku famfon mai. Kafin wata biyu esi ya daina sanyi, sai kuma taya ta fashe masa a hanyar Kachia da iyali a ciki. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

8/ Mai faci ne ya nuna mana lambar da ke jikin tayar, shekararta ta wuce takwas. Daga baya wani mai wankin mota a wurin ya ce min, "Ai wannan Camry ɗin tun kafin azumin bara nake wanke ta." Da muka koma, amsar da aka ba dattijon da ya haifi sa'an dillalin ita ce: "Baba, ai kun gani kun ce kuna so."

9/ Wannan amsar ce ta hana ni barci. Me ya gani? Ya ga fenti. Abin da ya kamata ya sani, wato tsawon zaman motar a fili, shi aka ɓoye masa, aka ɗora ƙarya a kai. Wanda ya san mota ta yi shekara a tsaye zai taya ta daban, zai ware kuɗin gyara, ko ya bar ta. An hana shi wannan zaɓin.

10/ Ga yadda ake sabunta kwantai, kuma duk wanda ya yi yawon filayen mota daga Sabo zuwa Barnawa ya ga wani abu a ciki. In mota ta gundure wa fili, sai a yi musaya da abokin sana'a: ka ɗauki tawa, in ɗauki taka. Ta koma wata unguwa ta zama baƙuwa. In ta ƙi, a tura ta Abuja ko Kano ta sha iska.

11/ A goge tsohon talla a Jiji, a ɗauki sabon hoto ta wani gefen, a sake ɗorawa. A cire lambar motar da ta yi shekaru tana yawo a Najeriya a ce "Beljiyam ce kai tsaye". A mayar da mita baya. Ban ce kowane dillali yana yi ba. Na ce ana yi, kuma masu gaskiyar cikinku sun san masu yi, suna shiru.

12/ Tambayar da ta daɗe tana damuna: me ya sa ba za su karya farashi kawai su huta ba? Sai da na zauna da wani abokin karatuna da ke taya yayansa sana'ar na gane. Motoci da yawa da kake gani a fili ba na mai filin ba ne. Masu su ne suka kawo ajiya a sayar musu.

13/ Ka ga kuwa wanda bai zuba ko sisi a mota ba, zamanta ba ya masa ciwo. Tana cika masa fili, mai wucewa ya ce oga ya yi ƙarfi. Yana nuna ta don wata motar ta yi kama da mai araha. Wani har biki yake zuwa da ita. Mai motar yana gida yana kira, ana ce masa "Alhaji, kasuwa ce ba ta motsi."

14/ Alhali mai mota ya ce miliyan biyar yake so, a fili ana faɗin shida da rabi. Sannan ga 'yan kayi-nayi: wanda ya kawo ka, da wanda ya kira wanda ya kawo ka, da wanda ya buɗe ƙofar motar, kowa ya ɗora nasa. Motar da za ta tafi cikin sati uku a kuɗin mai ita sai ta yi wata takwas tana jiran wanda bai san kasuwa ba.

15/ Mutum biyu ake cuta a nan. Mai saye, da mai motar da wataƙila kuɗin makarantar yara ko na asibiti ya sa shi fito da ita. La'ada halal ce, a faɗe ta a fili, kashi kaza cikin ɗari. Ɗora farashi a ɓoye a bar dukiyar mutum tana tsatsa, wannan ba dillanci ba ne.

16/ Yanzu ga babbar hujjarsu: dala. Zan yi musu adalci, don akwai gaskiya a ciki. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kwastan da dala ake lissafa shi, shi ma ya bi ta.

17/ Wanda ya sayar da mota a tsohon farashi a lokacin, kuɗin da ya karɓa ba zai sake sauko masa da irinta daga Legas ba. Wanda ya riƙe tasa wata shida ya ci riba yana zaune. Na yarda. Matsalar ita ce darasin da suka ɗauka: wai riƙe mota shi ne kasuwanci.

18/ A Afrilun 2024 dala ta sauko kusa da 1,100 bayan ta kusa taɓa 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairu. Ni dai a filayen da nake wucewa ban ga wanda ya goge farashi ya rage ba. In dala ta hau, "ai ka san dala". In ta sauka, "ai a tsohon farashi muka sayo". Haba oga, zaɓi ɗaya.

19/ Kuma akwai motocin da dala ba ta da hannu a kwantansu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da 200 ta wuce 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wa zai sayi mai fulogi shida ko takwas? Mutane suka koma Corolla, Vibe, Matrix. Kasuwa ta riga ta yanke wa manyan injuna hukunci, dillali ne kawai bai yarda ba.

20/ Bari in yi muku lissafin aji ɗaya, misali ne kawai. Ka zuba miliyan 8 a mota, ka dage sai ribar miliyan 1.2, ta yi wata goma kafin ta tafi. Maƙwabcinka da jari iri ɗaya yana karɓar ribar dubu 400, amma duk wata biyu ya juya kuɗin. A wata goma ya juya sau biyar, miliyan 2 ke nan.

21/ Kai kuma daga miliyan 1.2 ɗinka cire hayar fili, mai gadi, mai wanki, sabon batir. Sannan ka tuna hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, wato miliyan 8 ɗin da ta dawo maka ba ita ce wadda ka zuba ba. Ko don kanka, taurin kai ba ya biya. Shi ya sa asarar ake neman wanda za a jinginawa, sai a sami irin kawuna.

22/ A Amurka, inda yawancin tokumbon nan ke fitowa, dillalai da yawa da bashin banki suke cika fili, kowace rana mota ta ƙara kuɗin ruwa yana hawa. Don haka suna ƙirga kwanakin kowace mota. Da yawansu in ta kai kwana 60 ko 90 sun rage kuɗi, in ta ƙi su kai ta gwanjo su ɗauki asarar. Ba tausayi ba ne, lissafi ne.

23/ Abin dariyar, wasu daga cikin motocin da suke zubarwa a gwanjo, da waɗanda inshora ta yanke wa hukunci bayan hatsari ko ambaliya ake sayarwa a Copart da IAA, su ake lodowa a jirgi. Ta yi kwantai a can, ta yi makonni a teku, ta jira a tashar Legas, ta zo nan ta ƙara shekara. Sunanta har yanzu "sabon shigowa".

24/ Abin yana ƙara ba ni haushi in na tuna a garin nan, a Kakuri, aka fara haɗa Peugeot tun 1975, iyayenmu ma'aikata suka sayi sabuwa dal a leda. Yau malami ko ɗan fansho ba shi da ƙofar mallakar mota sai ta hannun dillalin ta-hannu. Wanda ya zama ƙofa ɗaya tilo, nauyin gaskiya a kansa ya fi yawa.

25/ Abin da nake nema ba shi da tsada. Ku rubuta ranar da mota ta shigo fili a gilashin gaba, kusa da inda kuke rubuta shekararta da lambar waya. Maka ɗaya ta isa. Ƙungiyoyinku suna iya tara kuɗin mambobi, suna iya sasanta rigimar la'ada, wannan ba zai gagare su ba.

26/ Masu kawo mota ajiya, ku ma ku daina miƙa makulli da baki kawai. A rubuta: farashi kaza, la'ada kaza, in ta kai wata biyu ba ta tafi ba a zauna a sake magana ko ka ɗauki abinka. Ka rubuta abin da mita ke nunawa ranar da ka kawo ta. Kuma ka tura wani da ba su sani ba ya je ya taya, ka ji kuɗin da ake faɗa a bayan idonka.

27/ Mai saye, tunda ba za su faɗa maka ba, motar za ta faɗa. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Leƙa ƙarƙashinta ka ga ko ciyawa ta tsiro ko ƙasar wurin ta bambanta. Leƙa faifan birki ta cikin wili.

28/ Kwafi lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ne a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa a Google. In ta bi ta gwanjon Amurka, sau da yawa hotunanta suna fitowa da ranar da aka sayar da ita da abin da mita ke nunawa a lokacin. Duba kwanan watan takardar kwastan ka gwada da "sati biyu" ɗin da aka ce maka.

29/ Maganar takarda ba wasa ba ce. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina bullowa ba. Wata motar ba tsada ce ta kwantar da ita ba, duk wanda ya kai takardunta a tantance sai ya gudu. Ka je da bakanikenka, ba na fili ba. Kuma ka yi hira da mai wankin mota, shi ba shi da la'ada a ciki.

30/ Wani dillali ya riga ya rubuto min tun ina kan na goma: "Ƙanena, in ka gama makaranta ka zo ka zuba naka kuɗin ka gani." Yaya, na ji. Amma ba ka amsa tambayar ba. Baƙar Hondar nan da ka ɗora hotonta jiya, wane wata ta shigo filinku? Ina da hoton da na ɗauke ta daga cikin keke a watan Nuwamban bara, da tayar baya ta hagu a sace, kuma har yau da safe ba a ba ta iska ba.